Daga Rumbun Manomi zuwa Kasuwar Nima: Gama-kai da Cinikin Hatsi a Gana

Birnin Akara yana cin hatsin da ba a noma shi a kewayensa, kuma unguwannin zango irin su Nima da Maamobi da Sabon Zango da Old Fadama suna cikin wuraren da wannan dogaro ya fi fitowa fili, domin abincin mazaunansu na yau da kullum, tun daga koko da ƙosai na safe har zuwa shinkafa da wake da tuwon zafi da fura, duk a kan gero da dawa da masara da wake ya tsayu. Masara tana zuwa galibi daga tsakiyar ƙasar, wato yankunan Techiman da Ejura, sai kuma arewa. Gero da dawa suna fitowa daga ƙasashen Tamale da Bolgatanga da Bawku da Wa. Wake kuwa, ban da na arewacin Gana, ana shigo da shi daga Burkina Faso da Nijar. Tsakanin Tamale da Akara akwai tafiyar kimanin kilomita 600, kuma kafin buhu ya gama wannan tafiya yakan bi ta hannun mai tattarawa a ƙauye da ɗan kasuwar gari da direba da dillali da mai sayar da awo, kowannensu da abin da yake ɗorawa. Abin da ya kamata a fahimta shi ne inda ribar wannan ciniki take taruwa, da kuma ko ƙungiyar gama-kai za ta iya mayar wa manomi wani kaso nata ba tare da ta tsawwala wa mai ci ba.

Cinikin gado ne daga fataucin goro. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga ta zama matattarar goron Asante, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 'yan kasuwarsa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a Akara a farkon ƙarni na 20, Nima ta taso a shekarun 1930 a kan filin da Malam Amadu Futa ya samu, kuma kasuwarta, wadda ke ci ranar Laraba, tana daga cikin manyan wuraren sayen hatsi da kayan yaji a birnin. Old Fadama, da ke gefen kogin Odaw daura da kasuwar Agbogbloshie, ta fi su ƙuruciya, kuma ta cika ne da mutanen arewa, Dagomba da Konkomba da Mamprusi da sauransu, musamman bayan rikicin arewa na 1994. Ƙidayar da mazauna unguwar suka yi da kansu a 2009 ta nuna mutum 79,684. Ba dukansu ne Hausawa ba, amma harshen Hausa da tsarin cinikin da fatake suka bari su ne suka haɗa zangunan da kasuwannin arewa.

Ribar hatsi tana fitowa ta ƙofa uku: bambancin wuri, bambancin lokaci, da bambancin awo. Na wuri shi ne mafi sauƙin ganewa, tun da kowa ya san abin da ya yi araha a garin Tumu na arewa zai yi tsada a Nima, kuma mafi yawan wannan tazara kuɗin mota da na dako da na shingayen hanya ne ke cinye ta. Na lokaci ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Arewacin Gana damina ɗaya gare shi, ana girbi daga Oktoba zuwa Disamba, kuma a daidai wannan lokaci ne bukatun manomi ke haɗuwa a kansa gaba ɗaya: bashin taki da na tarakta, kuɗin makarantar yara, biki da jana'iza. Saboda haka dubban manoma suke fito da hatsinsu kasuwa a wata ɗaya, farashi ya faɗi ƙasa. Idan aka kai watannin Yuni da Yuli, rumbuna sun yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, farashi ya hau, sai ga manomin da ya sayar a kaka yana sayen irin hatsin da ya noma da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa. A tsakiyar ƙasar, inda ake noma sau biyu a shekara, matsalar tana da wata fuska, domin girbin babbar damina yana zuwa a watannin Agusta da Satumba ana cikin danshi, kuma masarar da ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna, wadda ke haifar da dafin da masana ke kira aflatoksin, mai cutar da hanta. Wanda ba shi da wurin shanya dole ya sayar da wuri.

Sai dai wanda ya ajiye hatsi ba a banza yake cin riba ba, kuma lissafi na misali zai nuna haka. A ƙaddara an sayi buhu a kan sidi 400 a kaka da kuɗin bashi mai ruwan kashi 30 cikin ɗari a shekara, aka ajiye shi wata shida. Ruwan bashin ya kama sidi 60, hayar sito da buhu da maganin ƙwari a ce sidi 30, sa'annan ƙwari da ɓeraye da bushewa su rage kashi 5 cikin ɗari na nauyin. Idan farashi ya kai sidi 600 a damina, ribar sidi 80 ce. Idan ya tsaya a 500, an faɗi. Ruwan da aka ɗauka a misalin ba ƙari ba ne, domin a Yulin 2023 Babban Bankin Gana ya kai ma'aunin ruwansa kashi 30 cikin ɗari, bayan hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disambar 2022, kuma bankunan kasuwanci suna ba da bashi a sama da wannan ma'auni. Ajiyar hatsi, ke nan, sana'a ce ta mai jari na kansa wanda zai iya jure shekarar faɗuwa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ƙaramin manomi ya rasa.

Bambancin awo kuwa zalunci ne da ya zama al'ada. Babban buhun masara ana ɗaukarsa a matsayin kilo 100, amma a ƙauye akan danna shi a ɗinka masa hula har ya haura kilo 120, a biya kuɗin buhu ɗaya, idan an iso birni a zazzage a sake ɗurawa. A kasuwannin kudu ana sayar da awo da olonka, wato gwangwanin da ya zama mudun ƙasar, a arewa kuma da kwano, kuma yadda aka tsiri kan mudun yana sauyawa gwargwadon wanda ke saye da wanda ke sayarwa. Inda babu sikeli, mai ƙarfi ne ke yanke awo.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki ɗan kasuwar tsakiya a matsayin wanda ke ci ba ya aiki. Tsarin maigida da dillali, wanda Polly Hill ta nazarta a Kumasi kuma Abner Cohen ya nazarta a unguwar Sabo ta Ibadan a shekarun 1960, ya warware matsalar da har yau take gagarar bankuna, wato yadda baƙo zai ba da kayansa bashi ga mutumin da bai sani ba. Maigida shi ne mai masauki wanda ke karɓar baƙon da ya kawo kaya, ya ba shi wurin kwana da wurin ajiya, ya haɗa shi da masu saye ta hannun dillalansa, sa'annan ya tsaya masa lamuni idan an ɗauki kaya kafin a biya; abin da yake samu shi ne la'ada, jarinsa kuma sunansa ne, domin ranar da aka ji ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga shi isa Bawku. A kan wannan harsashi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Nima da Agbogbloshie suka ginu, kowane irin kaya da shugabanninsa, maza da sarakunansu, mata da iyayen kasuwarsu, suna raba wurin zama, suna tsara layin sauke motoci, suna sasanta rikicin bashi, suna tara gudummawa idan mutuwa ko gobara ta auku. Ba su da sunan gama-kai a takarda, amma suna yin rabin aikinta. Gana ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka taɓa wannan tsari da ƙarfin hukuma: dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969 ta kwashe 'yan kasuwa masu yawa daga zanguna, kuma rushe kasuwar Makola da sojoji suka yi a 1979 bisa zargin ɓoye kaya bai sauko da farashi ba. Aibin ƙungiyoyin yana wani wuri dabam. Suna iya hana wanda ba ɗansu ba sauke kaya, ciki har da manomin da ya yi hayar mota ya kawo hatsinsa da kansa, kuma a ƙauyen da hanya ta lalace, inda mai saye ɗaya ko biyu ne ke shiga, farashin da suka faɗa shi ne farashi. Masu saye a haɗe suke, masu sayarwa a warwatse.

Ƙungiyar gama-kai, a ma'anarta ta asali, kasuwanci ne mallakar waɗanda suke amfani da shi, kowane ɗan ƙungiya da ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa, kuma ana raba rara gwargwadon cinikin da mutum ya yi da ƙungiyar. Masaƙa da wasu masu sana'a su 28 na garin Rochdale a Ingila ne suka fito da waɗannan ƙa'idoji a 1844. A Gana an fara ta a 1928 tsakanin manoman koko, wato 'ya'yan itacen da ake cakulan da su, aka yi mata doka a 1931, aka kafa sashen kula da ita a 1944, kuma asusun ajiya da lamuni na gama-kai na farko a Afirka an kafa shi ne a Jirapa, a arewa maso yammacin ƙasar, a 1955. A 1961 gwamnatin Nkrumah ta rushe ƙungiyoyin, ta miƙa kadarorinsu ga majalisar manoma da ke ƙarƙashin jam'iyya mai mulki, kuma ko da yake dokar 1968 ta dawo da su, amanar da aka karya ba ta dawo da sauri ba. Nijar ma ta bi irin wannan hanya da hukumar UNCC da aka kafa a 1962, inda manoma suka ɗauki ƙungiyar a matsayin wani reshe na gwamnati, bashinta kuma a matsayin kuɗin da ba dole ne a biya ba.

Akwai dalilin tattalin arziki da ya sa gama-kai ta fi kama ƙasa a kokon cakulan fiye da hatsi. Kokon ba a cinsa a gida, kuma tun 1947 hukuma ɗaya ce ke riƙe da fitar da shi, saboda haka ƙungiya irin Kuapa Kokoo, wadda aka kafa a 1993, tana aiki ne a kasuwar da farashinta yankakke ne. Masara kuwa kowa mai sayenta ne, daga mai kiwon kaji zuwa mai dafa kenke, kuma manomi zai iya cinye ta da iyalinsa. Idan ƙungiya ta ba shi taki bashi da sharaɗin ya kawo mata amfaninsa, sai wani ya zo ƙofar gidansa da tsabar kuɗi a daren da yaronsa ke kwance ba lafiya, da wuya alkawarin ƙungiya ya tsaya. Wannan sayarwa ta bayan fage ita ce ta kashe ƙungiyoyin hatsi da yawa, kuma ba a magance ta da wa'azi kaɗai, domin tushenta bukata ce.

Hanyar da ta fi dacewa da wannan bukata ita ce bashi a kan ajiya. Manoma suna tara hatsinsu a sito ɗaya bayan girbi, a auna, a rubuta, a kulle da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da bashi, sa'annan kowa ya karɓi wani kaso na darajar kayansa ya biya bukatar kaka. Idan farashi ya tashi a sayar, a cire bashi da kuɗin ajiya, saura ya koma ga mai shi. Ƙungiyar TechnoServe ta gwada wannan da manoman masara a Gana tun 1989, kuma a Nijar, inda ake kiransa warantaji, wani shirin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya yaɗa shi daga ƙarshen shekarun 1990. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke toshe iska har ƙwarin wake su mutu ba tare da magani ba, ya rage asarar ajiya ƙwarai tun da aka fara yaɗa shi a 2007. Hatsarin da ya rage shi ne shekarar da farashi bai tashi ba, kuma ƙungiyar da ba ta ware wani abu daga ribar shekarun alheri ba, irin wannan shekara ɗaya ta isa ta watsa ta. Wani salon kuma shi ne na Masara N'Arziki, wadda kamfanonin Wienco da Yara suka kafa a arewa a 2009, inda ƙananan rukunan manoma ke karɓar iri da taki bashi, su lamunci juna, su biya da masara. Amfanin gona ya ƙaru a hannun waɗanda suka shiga, amma wanda ya ba da jari shi ne mai babbar murya, kuma wannan ya bambanta ta da gama-kai na asali.

Gwamnati ta bi nata hanyoyin. An kafa kamfanin ajiyar abinci na ƙasa, NAFCO, a 2010 domin ya saya a kaka ya sayar a lokacin tsada, aka buɗe kasuwar musayar amfanin gona ta GCX a Nuwamban 2018, inda ake tantance hatsi a ba shi daraja a ba mai shi takardar shaidar ajiya da zai iya sayarwa ko jinginarwa. Tsarin yana da kyau, amma manomi mai buhu biyar ba zai iya ɗaukar kuɗin kai kaya sito da na busarwa da na tantancewa shi kaɗai ba, sai ta hanyar ƙungiya. NAFCO kuwa, a Yulin 2023 masu kawo masa abinci sun kwana a harabarsa suna neman kuɗinsu, kuma mai saye da ba ya biya a kan kari ba zai iya gasa da maigidan da ke biya kafin direba ya juya ba.

A ɓangaren zango, mai ci da ƙaramar 'yar kasuwa suna fama da irin ciwon manomi, sai dai ta ɗaya gefen. Mai sayar da koko a Maamobi tana sayen gero olonka-olonka kowace rana, a farashi mafi tsada, domin ba ta da kuɗin buhu kuma ba ta da inda za ta ajiye shi. Adashi da susu, wato zubin da mai tarawa ke bi yana karɓa kullum ya mayar a ƙarshen wata bayan ya cire zubin kwana ɗaya, sun nuna cewa waɗannan mata sun iya tara kuɗi. Abin da ba a cika yi ba shi ne mayar da tarin ya zama sayen hatsi na haɗin gwiwa a kaka. Tsoron cibiyoyin kuɗi yana da dalili, tun da a Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan bankuna 347, kuma ga mafi yawan mutanen zango akwai batun riba, a ƙasar da bankin Musulunci bai kafu ba kamar yadda Jaiz ya kafu a Najeriya tun 2012. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a makarantun zango yana da ƙofar da ta dace da wannan, wato cinikin salam, inda ake biyan kuɗi tun da wuri a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a ambaci iri da awo da lokaci, kuma kada a ɗaure cinikin ga amfanin wata gona takamaimai. Ƙungiyar mata masu koko da za ta ƙulla irin wannan ciniki da ƙungiyar manoman gero za ta ba manomi kuɗin taki a lokacin da yake bukatarsa, ita kuma ta san farashin geronta tun kafin tsada, muddin an yi farashin da adalci, ba irin bashin damina da ake biya da ninki a kaka ba. Malamai kuma sun bambanta ajiyar da ke kai abinci daga lokacin yalwa zuwa lokacin ƙunci da ihtikari, wato ɓoye abinci ana cikin bukata domin a cuci jama'a.

Babban cikas shi ne mallakar fili. Ba mai gina sito na kirki a filin da ba shi da tabbacin kwana a kansa, kuma Old Fadama ta daɗe tana zaune cikin barazanar tashi, ga gobara ga ambaliya. An rushe wani sashe nata a Yunin 2015 bayan ambaliyar ranar 3 ga watan, sa'annan a Yulin 2021 aka tashi 'yan albasar Agbogbloshie, waɗanda ke karɓar kayansu daga Galmi da sauran garuruwan Nijar, zuwa Adjen Kotoku a bayan gari. Abin lura shi ne ƙungiyarsu ce ta sa suka tashi tare suka sauka tare, cinikin bai mutu ba. Iyakoki ma ba su da tabbas, domin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya tsayar da motoci ya ɗaga farashin albasa a Akara, kuma a Agustan 2024 Gana da kanta ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya saboda farin da ya auka wa arewa. Wanda ke da hatsi a sito kusa da mai ci shi ne kaɗai irin wannan rana ba ta girgiza shi.

Asusun Raya Zanguna da doka ta kafa a 2017 ya fi sanuwa da tituna da magudanan ruwa da makarantu, kuma duk ana bukatarsu. Ya kamata masu tafiyar da shi, tare da sarakunan zango da limamai da shugabannin kasuwar Nima da Agbogbloshie, su sa sito mai takardar mallaka da sikelin da kowa ya yarda da shi cikin ayyukan farko, su bar mabuɗi da littafin lissafi a hannun ƙungiyoyin da 'ya'yansu suka zuba kuɗinsu a ciki, su kuma buɗe layin sauke kaya ga motar ƙungiyar manoma kamar yadda yake a buɗe ga motar maigida.